Gyaran Mota da Hannunka: Jagora ga Masu Motoci da Jami'an Ƙananan Hukumomin Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, a ƙarƙashin Masarautar Dutse, kuma suna maƙwabtaka da Jihar Bauchi. Yanki ne na noma da kiwo da cin kasuwa, saboda haka mota ta zama ƙafar jama'a. Da ita ake kwaso amfanin gona daga Fagam da Farin Dutse da Maruta da Basirka, da ita ake cin kasuwar Sara, da ita kuma ake garzayawa da mara lafiya ko mai naƙuda daga Kantoga ko Wurno ko Sundimina zuwa asibiti. Sai dai kuma yawancin ƙauyukanmu suna da tazara da garejin kanikawa, ga hanyoyin burji masu yashi da duwatsu, ga ƙurar hunturu, ga zafin bazara wanda yakan haura digiri 40 a watannin Maris da Afrilu da Mayu, ga kuma laka da zaizayar damina.

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta sanar da janye tallafin man fetur, ɗawainiyar riƙe mota ta ƙaru, kuma masu motoci da dama sun koma yin ƙananan gyare-gyare da kansu domin rage kashe kuɗi. Wannan abu ne mai kyau matuƙar an yi shi da sani. Abin da muke so jama'a su riƙe shi ne, mota ko a tsaye take tana iya raunata mutum ko ta hallaka shi, kuma hakan yana zuwa ne ta hanyoyi huɗu: nauyi, da zafi, da gobara, da guba. Mai motar da ya san waɗannan huɗun, ya kuma san iyakar abin da hannunsa zai iya, zai gyara motarsa ya tashi lafiya.

Dubawa kafin tashi

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Mafi yawan lalacewar da ke tsayar da mota a daji ana iya gano ta tun a ƙofar gida, cikin minti 10, kafin a tayar da inji. Muna ba da shawarar a riƙa duba waɗannan abubuwa aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma duk ranar da za a yi doguwar tafiya:

1. Baƙin mai. A tsayar da mota a wuri mai daidai, inji a kashe. A zaro sandar awon mai, a goge ta da tsumma, a mayar, a sake zarowa. Man ya kasance tsakanin alamomi biyu da ke jikin sandar. Idan aka ga ya yi fari kamar an zuba masa madara, ruwa ya shiga inji, kuma wannan aikin bakanike ne.
2. Ruwan lagireto. A duba shi da safe, lokacin da inji yake da sanyi.
3. Man birki. Robarsa tana da alamar sama da ta ƙasa. Idan yana raguwa da sauri, akwai inda yake yoyo, kuma bai kamata motar ta hau hanya ba.
4. Tayoyi, har da ta safaya. A auna iska da geji tun taya ba ta ɗauki zafi ba. Adadin iskar da ya dace yana rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba ko a littafin motar.
5. Fitilu da sigina da ham da madubai da abin goge gilashi.
6. Ƙasan mota. A leƙa a ga ko akwai ɗigon mai ko ruwa a inda ta kwana, a kuma tabbata babu yaro ko ɗan akuya da ya fake a inuwarta.

A lokacin hunturu, filtar iska tana saurin toshewa, abin da ke sa mota ta rasa ƙarfi ta kuma ƙara shan mai. A riƙa ciro ta ana kakkaɓewa a hankali, idan ta yi baƙi ƙwarai a sauya. Haka kuma masu ƙera motoci suna umartar a rage tazarar juyen baƙin mai a wurare masu ƙura irin namu, kuma kimanin kilomita 5,000 ne aka fi amfani da shi ga man da aka saba saye a kasuwa. Duk ranar da aka yi juye, a sauya filtar mai tare da shi.

Kayan aikin da ya kamata su zauna a mota

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kowace mota tana bukatar jak mai lafiya, da sifanar kwance taya wadda ta dace da notinta, da ƙananan sifanoni, da filaya, da sukudireba, da gejin iska, da tocila, da waigi guda biyu, da faffaɗan katako mai kauri, da wayoyin jona batir, da fiyus na ajiya, da jarkar ruwa mai tsabta, da safar hannu. Bugu da ƙari, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana bukatar kowace mota ta kasance da tayar safaya, da tukunyar kashe gobara, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku. Waɗannan ukun doka ce ta tanade su, amma amfaninsu na mai motar ne tun kafin ya haɗu da jami'i a kan hanya. A riƙa duba allurar tukunyar kashe gobara, idan ta sauka daga kan kore to ta huce, sai a sake cika ta. A ajiye ta inda hannu zai kai da sauri, kada a binne ta ƙarƙashin buhuna.

Haɗari na farko: nauyi

Ƙaramar mota tana da nauyin kilo 1,000 zuwa 1,500, wato kwatankwacin buhun hatsi 10 zuwa 15 a ɗore wuri ɗaya. Motar a-kori-kura ko bas ta fi haka nesa ba kusa ba. Aikin jak shi ne ɗaga mota na ɗan lokaci domin a sauya taya. Ba a ƙera shi domin mutum ya kwanta a ƙarƙashinsa ba, domin yakan zame, yakan nutse cikin yashi, mai aiki da mai kuma yakan sauka da kansa idan robarsa ta gaji.

Ga yadda ake sauya taya cikin aminci. A janye mota daga kan kwalta gaba ɗaya, a nemi wuri mai tauri kuma mai daidai, nesa da kwana ko gangare. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya, idan kuma mai sauya giya da kanta ce a sa ta a kan harafin P. A sauke dukkan fasinjoji su koma gefen daji, nesa da titi. A sa waigi gaba da bayan tayar da ke ɗaya kusurwar motar, wato idan ta gaba ta dama za a cire, a tokare ta baya ta hagu. A sassauta notuna tun taya tana ƙasa, domin ƙoƙarin kwance noti mai tauri bayan an ɗaga mota shi ke ture ta daga kan jak. A shimfiɗa katako a ƙarƙashin jak, a kafa shi a wurin da aka tanada a jikin motar. Da zarar an cire taya, a tura ta kwance a ƙarƙashin motar, ta yadda ko jak ya zame motar za ta faɗa a kanta. Bayan an sa sabuwa, a ɗaura notuna da hannu, a sauke motar, sannan a ƙarasa ɗaurewa ana tsallake ɗaya zuwa na gabansa har a zagaye. Bayan tafiyar kimanin kilomita 50 a tsaya a sake gwada su.

Idan aikin yana bukatar shiga ƙarƙashin mota, wajibi ne a ɗora ta a kan matokaran ƙarfe da aka ƙera domin haka, ko kuma guntayen gungume masu ƙwari da faɗi. Muna jan kunnen jama'a game da bulon siminti da tubali. Sukan yi kamar za su riƙe, sai su farfashe farat ɗaya ba tare da wata alama ba. Tara duwatsu ɗaya bisa ɗaya shi ma haka. Kafin a shiga, a girgiza motar da ƙarfi a ga ko ta zauna daram, kuma kada mutum ya yi irin wannan aiki shi kaɗai. A samu wani babba a kusa wanda ya san yadda ake ɗaga jak.

Wannan ƙa'ida ta shafi tarakta da tifa. Duk abin da ƙarfin mai ya ɗaga, kamar garmar tarakta ko bayan tifa, yana iya saukowa idan tiyo ya fashe ko wani ya taɓa maɗaukin. A sauke garma ƙasa kafin a taɓa ta, a tokare bayan tifa da ƙarfensa, a kashe inji, a zare makulli a sa a aljihu.

Idan lalacewar ta faru a kan babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, inda manyan motoci ke gudu dare da rana, a kunna fitilun gargaɗi, a ajiye alama mai kusurwa uku a bayan motar da tazara mai yawa, yadda mai tahowa zai gan ta tun daga nesa. Ganyen da aka saba zubawa ba ya haskawa da dare. Wanda ya yi amfani da ganye ko duwatsu don dole, to ya kwashe su kafin ya tafi, domin dutsen da aka bari a kan kwalta ya isa ya kifar da babur.

Haɗari na biyu: zafi da sassa masu juyawa

Ruwan da ke cikin lagireto yana cikin matsi, saboda haka zafinsa yakan wuce digiri 100 ba tare da ya tafasa ba. Da zarar an buɗe murfin, matsin ya tafi, sai ruwan ya tafasa nan take ya yi tsiri zuwa fuska da ƙirji. Idan allurar zafi ta haura, a tsaya, a kashe inji, a jira aƙalla rabin awa. Bayan nan a ɗora tsumma mai kauri a kan murfin, a kawar da fuska, a murɗa kaɗan har iskar ta gama fita, sannan a buɗe. Kada a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai tsananin zafi, domin yana iya tsaga kan injin. Sauri ya haifi nawa, kuma rabin awar jira ya fi sayen sabon inji sauƙi.

A yawancin motocin zamani, fankar lagireto da wutar batir take aiki, kuma a wasu motocin takan tashi da kanta ko bayan an kashe inji. Fambel kuwa yana fizgar duk abin da ya kusance shi. Tufafinmu na gida suna da yalwa, don haka kafin a sunkuya a kan inji a tuɓe babbar riga, a naɗe hannun riga, a cire rawani ko mayafi, a ajiye carbi da agogo da zobe. Haka nan sandar da ke juyawa a bayan tarakta, da bel ɗin injin casa da na niƙa, duk suna naɗe tufa su ja mutum cikin ƙiftawar ido. Salansa ita ma takan daɗe da zafi, a kula da ita, musamman idan akwai yara a kusa.

Akwai al'adar cire abin daidaita zafin inji da zarar an sayo mota, bisa zaton cewa na ƙasashen sanyi ne. Aikinsa shi ne ya riƙe inji a zafin da ya dace da shi. Idan aka cire, inji yakan daɗe bai ɗauki zafi ba, shan mai ya ƙaru, sassan ciki su riƙa saurin cinyewa. Idan mota tana zafi, a nemi dalilin: toshewar lagireto, ko yoyon tiyo, ko mutuwar fanka, ko lalacewar famfon ruwa.

Haɗari na uku: gobara

Tururin fetur shi ne ke kamawa, kuma ya fi iska nauyi, saboda haka yakan bi ƙasa ya malala har ya kai ga wuta mai nisa. A gidajenmu, inda murhu da fitilar kananzir da gawayin shayi suke kusa da inda ake ajiye mota, wannan babban abin lura ne. Jama'ar Jigawa ba za su manta da daren 15 ga Oktoba, 2024 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi a garin Majiya na Ƙaramar Hukumar Taura, mutane suka taru suna kwasar man da ke zuba, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka rasa rayukansu. Fetur ɗin da ke cikin jarka ɗaya halinsa ɗaya da na cikin tanka.

Saboda haka duk aikin da ya shafi tanki ko tiyon mai ko famfon mai a yi shi a fili, inji a sanyaye, babu taba, babu ashana, babu wuta a kusa. Da dare a yi amfani da tocila kawai. Kada a wanke hannu ko sassan inji da fetur. Kada a ajiye jarkar mai a ɗakin kwana ko kusa da madafa. Tankin da aka juye mansa ya fi cikakke haɗari wajen walda, domin tururi ne ya cika shi, don haka kada a kai masa wuta.

Batir ma yana haddasa gobara. Ko da yake ƙarfinsa 12V ne kawai, idan sifana ta haɗa kawunansa biyu takan yi ja ta ƙona hannu, kuma yana fitar da iskar haidurojin mai saurin fashewa. Al'adar gwada batir ta hanyar karta waya a ga tartsatsi ta sha fasa batir a fuskar mai gwadawa. Wajen cirewa, a fara kwance kan da ke da alamar ragi, wato baƙi, sannan mai alamar tarawa, wato ja. Wajen mayarwa a fara da ja, a ƙare da baƙi. Dalili shi ne jikin motar duka a haɗe yake da baƙin kai, don haka matuƙar yana ɗaure, sifanar da ta taɓa jan kai ta kuma taɓa jikin mota za ta yi tartsatsi.

Idan za a tayar da mota da batirin wata, a tabbata motocin biyu ba su taɓa juna ba. A maƙala jar waya a jan kan mataccen batir, ɗaya bakin a jan kan mai rai. A maƙala baƙar waya a baƙin kan mai rai, ɗaya bakin kuma a wani ƙarfe tsirara na jikin injin motar da ta mutu, nesa da batir. Bayan ta tashi, a cire su daga na ƙarshe zuwa na farko. Juya kawunan yana ƙona kwamfutar mota, wadda kuɗinta ya ninka na batir.

Fiyus kuwa mai gadi ne. Yana tsinkewa domin kada waya ta ƙone. Wanda ya maye gurbinsa da guntun waya ko takardar azurfa ta kwalin taba ya kori mai gadin ne. A sa wani mai lamba ɗaya da wanda ya tsinke, idan ya sake tsinkewa a kai wa mai gyaran wayoyin mota.

In har wuta ta kama a cikin inji, a kashe motar, a fitar da kowa, a ɗan sassauta murfin gaba kaɗan a fesa abin kashe gobara ta kafar. Buɗe shi gaba ɗaya yana ba wutar iska. Ruwa yana yaɗa wutar fetur, yashi ne yake danne ta. Idan ta fi ƙarfi a nisanta, domin ana sayen wata motar.

Haɗari na huɗu: guba

Hayaƙin salansa yana ɗauke da wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari, irin wadda ke hallaka iyalai idan an kwana da janareta a cikin gida. Alamominta ciwon kai da jiri da kasala da barci. Kada a bar inji yana aiki a cikin zaure ko shago ko rufaffen gareji, kuma salansar da ta huje a gyara ta, domin hayaƙin yana shiga cikin mota ya sa direba gyangyaɗi.

Zuƙo fetur da baki ta tiyo al'ada ce da ya kamata a bari. Ɗan kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya jawo mummunan ciwon huhu. Ana sayar da ƙaramin famfon hannu na roba mai araha domin wannan aiki. Ruwan batir asid ne, yana cin fata da tufa, yana makantar da ido. Cikin batir kuma dalma ce. Jama'a za su tuna yadda gubar dalma, wadda ta fito daga duwatsun zinariya da ake daka a cikin gidaje, ta kashe yara kimanin 400 a Jihar Zamfara a 2010. Tsohon batir kada a fasa shi a gida, kada a narka dalmarsa, kada a bar wa yara su yi wasa da shi. A mayar wa masu sayar da batir, waɗanda sukan karɓi tsoho su rage kuɗin sabo.

Ruwan sanyaya inji mai launin kore ko ja yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi. Shi da man birki da fetur kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha. Baƙin man da aka juye kada a zubar da shi kusa da rijiya ko rafi ko fadama, kada a shafa shi a gyambo ko ƙurajen mutum ko na dabba. A tara shi a jarka mai murfi a kai gareji. Ƙurar da ke taruwa a birki kada a hura ta da baki, domin wasu takalman birki suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu. A goge ta da jiƙaƙƙen tsumma.

Inda ya kamata mai mota ya tsaya

Tsofaffin motoci irin su Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna a kamfanin da ya fara aiki a 1975, kafireto gare su, kuma mai sifana da kunnen sauraro yana iya yi musu abubuwa da yawa. Motocin da suka fi yawa a tashoshinmu yanzu kwamfuta ce ke sarrafa man da suke sha, don haka lalube ba ya yi musu magani. Mai mota yana iya sauya taya, da baƙin mai, da filta, da fulogi, da ƙwan fitila, da fiyus, da batir, da robar goge gilashi. Amma akwai ayyukan da kuskure a cikinsu yake shafar ran fasinja da na mai tafiya a ƙasa, kuma waɗannan na ƙwararru ne: birki, da sitiyari, da ƙafafun mota, da tankin mai, da bel ɗin cikin inji, da jakar iskar da ke kare direba, wadda galibi wayoyinta ruwan ɗorawa ne. Motoci masu haɗa fetur da lantarki suna da wayoyi masu ruwan lemo da ke ɗauke da wutar da takan haura 200V, kada a taɓa su. Haka kuma mayar da mota mai amfani da iskar gas aikin cibiyoyin da hukuma ta amince da su ne, kuma tukunyar gas ta girki ko wadda aka yi wa walda ba ta jure matsin da ake bukata.

Game da birki, muna da gargaɗi na musamman. Wasu direbobi sukan zuba ruwan omo a madadin man birki idan ya ƙare. Man birki mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205, mai lamba DOT 4 kuma 230, alhali ruwa yana tafasa a 100. A gangare, da lodi, birki yakan yi zafin da zai mayar da ruwan tururi, sai a taka a ji ƙafa ta tafi ƙasa babu komai. Lambar man da ya dace tana rubuce a murfin robarsa.

Tayoyi su ma suna tsufa ko da zanensu bai cinye ba. A gefen taya, a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Hukumar Kiyaye Haɗurra tana gargaɗin a guji tayar da ta wuce shekara 4 da ƙerawa. Tayar da ta tsattsage a gefe, ko ta yi ƙulu, ko zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, ta gama aiki, kuma faci a gefen taya ba ya riƙewa. Araha ba ta ado, musamman a kan kwalta mai zafi a watan Afrilu.

Taimakon gaggawa

Idan ƙuna ta samu, a riƙa zuba ruwa mai tsabta mai ɗan sanyi a wurin har minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle. Kada a shafa man goge baki ko ƙwai ko gishiri ko baƙin mai. Idan ruwan batir ko fetur ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa aƙalla minti 15, sannan a tafi asibiti. Wanda ya haɗiyi fetur kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, a kai shi asibiti kai tsaye. Wanda hayaƙi ya buga a fitar da shi fili. Wanda mota ta danne, bayan an ɗaga ta, kada a ja shi ko a zaunar da shi, a ɗauke shi a miƙe a kan katako ko ƙyauren ƙofa, kuma ko ya ce ya ji sauƙi a kai shi a duba, domin jini yana zuba a ciki ba a gani. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu ita ce babban asibitin wannan yanki. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, ta ƙasa baki ɗaya kuma 112, duka kyauta ne.

Kira ga jami'ai da shugabannin al'umma

Motocin ƙananan hukumomi, da motocin ɗaukar marasa lafiya, da tankokin ruwa, da taraktoci, dukiyar jama'a ce. Muna ba sassan ayyuka shawara su buɗe wa kowace mota littafi, inda za a riƙa rubuta ranar juyen mai, da adadin kilomita, da ranar sauya taya da batir, da sunan wanda ya yi aikin. A ware rana ɗaya a mako domin dubawar da muka zayyana a sama, kuma direban da ya kawo rahoton matsalar birki ko taya a saurare shi, kada a tilasta masa fita da motar. Motar asibiti da ta ƙi tashi da tsakar dare saboda mataccen batir tana iya zama sanadin rasa uwa da jariri.

Wajen ba kanikawa da masu faci da masu walda wurin sana'a, a nisanta su da rijiyoyi da makarantu da masu sayar da mai a jarka. Shugabannin ƙungiyar direbobi a tashoshin Birnin Kudu da Babaldu da Gwaram da Sara suna iya tanadar bokitan yashi da tukwanen kashe gobara da matokaran ƙarfe na haɗin gwiwa, su kuma koya wa yaran mota waɗannan ƙa'idoji, tun da su ne ake turawa ƙarƙashin mota. Hakimai da dagatai da masu unguwanni kuwa muna roƙon su riƙa tunatar da jama'a a wuraren taro, musamman game da nisantar duk motar man da ta faɗi.

Kammalawa

Kafin mai mota ya ɗauki sifana, ya tambayi kansa: me zai iya danne ni, me zai iya ƙona ni, me zai iya kamawa da wuta, me zai iya shiga jikina ya cuce ni? Idan ya amsa waɗannan huɗun, ya kuma tabbata aikin bai fi ƙarfin saninsa ba, to ya ci gaba. Idan yana shakka, ya nemi bakanike ya tsaya kusa da shi ya koya, domin matambayi ba ya ɓata. Muna fatan wanda ya karanta wannan bayani zai isar da shi ga direbobi da yaran mota da maƙwabtan da ba su samu damar karantawa ba. Allah ya kiyaye hanya.